Ku Tambaya Mu Amsa: Darasin Darwin a Ajin 'Ya'yanmu

Da jarrabawar fita sakandare ta matso, sai wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka taru a kan darasi guda na bayoloji, wato juyin halitta, wanda yara ke kira ibolushan, bayanin da ake dangantawa da masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin. Mun zaɓi shida daga cikin garin Kaduna, muka taƙaita su. Malaman kimiyya da na addini da ke kula da filin ne suka haɗa amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji uku na babbar sakandare, burinsa ya zama likita. Ran nan ya dawo gida yana cewa an koya masu wai mutum daga biri ya fito. Raina ya ɓaci ƙwarai. In hana shi shiga ajin bayoloji ne, ko in canja masa makaranta?
*Wani mahaifi, Tudun Wada*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Canja makaranta ba zai raba ka da wannan darasi ba. Yana cikin manhajar ƙasa da hukumar NERDC ta tsara, WAEC da NECO da JAMB duk suna tambaya a kansa, kuma makarantar gwamnati da ta kuɗi, ta Musulunci da ta mishan, manhaja ɗaya suke bi muddin za su kai yara jarrabawa. Hana shi bayoloji kuwa hana shi likitanci ne. Ba a ɗaukar yaro karatun likita ba shi da kiredit a bayoloji, kuma yana cikin darussa huɗun da zai rubuta a JAMB, tare da Turanci da kemistiri da fizis.

Ita kanta jimlar da ta ɓata maka rai, ba haka take a littafi ba. Abin da masana ke cewa shi ne mutum da babban birin nan cimfanzi sun haɗa kaka guda, wata halitta da ta rayu shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, babu wanda ya fito daga wani a cikinsu. Ɗan baffanka ai ba shi ya haife ka ba. Ba mu faɗi haka don mu shafa wa maganar zuma ba, domin ko a gyararriyar siffarta tana cin karo da yadda mafi yawan malamai suka fahimci halittar Annabi Adamu, alaihis salam. Sai dai a san cewa abubuwa uku ne aka ƙulle a ƙunshi ɗaya, kuma rigima takan tashi ne idan aka ƙi kwance ƙunshin.

Akwai batun cewa halittu suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Wannan ana ganinsa a gona da asibiti, ba mai musunsa. Akwai batun cewa dukkan jinsunan halittu sun gangaro daga tushe ɗaya cikin dogon zamani. Masana bayoloji sun tafi a kan haka saboda abin da suka gani a ƙasusuwan da aka tono da tsarin jiki da DNA, kuma a nan ne malaman addini suke da magana, musamman idan an zo kan mutum. Sai na uku, cewa tunda haka ne babu Mahalicci. Wannan ba ya cikin manhaja, kuma ba kimiyya ba ne, don babu na'urar da za ta auna shi. Ra'ayin mai faɗa ne kawai.

Saboda haka ka fara da littafin rubutun yaron. Karanta abin da aka ba su, ka tambaye shi ainihin kalmomin da malamin ya furta, don yaro yakan dawo da maganar abokinsa ya jingina wa malami. In akwai abin dubawa, ka je wurin malamin kai kaɗai kafin ka je ofishin shugaban makaranta, kuma kafin maganar ta shiga zauren WhatsApp na iyaye, inda take zama wata aba daban cikin awa ɗaya. Idan ta tabbata malamin ya yi wa addini izgili ko ya ce yara su bar imaninsu, ka rubuta ƙorafi da kwanan wata da abin da aka faɗa. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Bai keɓe kowa daga darasin bayoloji ba, amma ba a ɗauki malamin kimiyya aiki don ya yi wa'azi ba, ko na imani ko na rashinsa. A gida kuma ka guji cewa "kada in ƙara jin wannan magana". Zai daina faɗa maka, ya koma tambayar waya.

Tambaya: Idan aka ce in bayyana ra'ayin Darwin a jarrabawa kuma na rubuta, na yi saɓo, ko ma na fita daga Musulunci? Ƙawata ta ce ita tsallake tambayar za ta yi.
*Ɗaliba, Rigasa*

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Hakaito maganar wani daban, yarda da ita daban. Alƙur'ani ya hakaito maganar Fir'auna da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, a Suratun Nazi'at, kuma kina karanta ta a salla. Mai jarrabawa bai tambaye ki abin da ke zuciyarki ba, ya tambaye ki me Darwin ya ce. Ki buɗe amsarki da cewa a ra'ayin Darwin kaza da kaza, kin fita haƙƙin jarrabawa, kin kuma faɗi gaskiya.

Ga abin da mai maki ke nema, kamar yadda Darwin ya jera shi a littafinsa na 1859. Halittu suna haihuwa fiye da abin da zai iya rayuwa. 'Ya'yan ba su zama iri ɗaya sak. Abinci da wuri ba su isar kowa, sai gasa. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin su suka fi tsira su hayayyafa. Siffar kuma ana gadonta, don haka tana ƙara yawa a zuriya bayan zuriya. Ki ɗauke shi kamar tankaɗe: rariya ba ta ƙirƙirar gari, tana tace abin da aka zuba mata ne.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne cakuɗa Darwin da Lamarck, Bafaranshen da ya fitar da nasa ra'ayin a 1809. Shi cewa ya yi gaɓar da ake yawan aiki da ita tana girma, wadda aka bari tana shanyewa, 'ya'ya kuma su gaji abin da iyaye suka samu a rayuwarsu. A wurinsa raƙumin dawa miƙa wuya ya yi ta yi har ya yi tsawo. A wurin Darwin tun asali akwai masu ɗan tsawon wuya da gajeru, masu tsawon suka fi samun ganye lokacin fari. Dabarar tuna dalilin da ya sa aka bar ra'ayin Lamarck tana gidanku: kakanni sun yi ta huda kunne da tsagar fuska ɗaruruwan shekaru, ba a taɓa haihuwar jariri da huji ko tsage ba.

Ki gaya wa ƙawarki a sashen dogon rubutu wani lokaci akwai zaɓi, amma a tambayoyin canki-canka da na JAMB duk wadda ta bari maki ne ya tafi. Kada kuma a cika takardar amsa da ayoyi ko raddi. Babu maki a kansu, ga shi takarda ce da za ta bi hannaye da buhuna.

Tambaya: Ina koyar da bayoloji. Duk shekara in na zo wannan babi aji yakan hargitse, wasu su yi ta a'uziyya, wasu su fita. Bara karanta masu rubutu kawai na yi na wuce. Akwai hanyar da ta fi wannan?
*Malama, Kawo*

Amsa: Akwai, Malama, kuma yawancinta a jerin darasin take. Wanda ya buɗe babin da mutum ya rasa ajin tun a minti biyar na farko. Mafi muni shi ne hoton nan na biri a duƙe yana miƙewa a hankali har ya zama mutum. Ki cire shi daga bango in yana nan. Yana tunzura yara, kuma ko a kimiyyance kuskure ne, domin yana nuna tsani, alhali abin da masana ke bayyanawa bishiya ce mai rassa.

Kafin ki fara, ki zauna da malamin addinin Musulunci da na Kirista na makarantar, ki nuna masu abin da za ki koyar da makon da za ki koyar da shi, don yaran wurinsu za su garzaya. A rana ta farko kuma ki faɗa wa aji a fili cewa aikinsu su fahimci abin da masana suka ce da hujjar da suka kawo, ba za a ba kowa maki a kan imaninsa ba, ba za a kuma yi wa addinin kowa dariya ba.

Sai ki fara da abin da suka sani. Sikila ta fi kowane misali na littafi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 25 cikin ɗari na zama SS, kaso 50 na AS, kaso 25 na AA. Ki zana wannan a allo, sannan ki jefa masu tambaya: abin da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa? Ki bar su su yi ta kai-kawo. Amsar ita ce yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Shi ya sa ƙwayar gadon ta yi yawa inda sauro ya yi yawa, ta yi ƙaranci inda babu shi. Kada dai ki ce kowa ya faɗi jinotayif ɗinsa a aji. Akwai mai SS a zaune, akwai wadda ta rasa ƙani.

Daga nan ki shiga klorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Iyayensu sun sha shi ya yi masu aiki, daga baya ya daina, har Najeriya ta koma magungunan ACT a 2005. Yara za su ce "jiki ne ya saba da magani". Nan ne gyaran yake. Ba jikin mutum ne ya saba ba, ba kuma ƙwayar cutar ce ta koyi dabara ba. Cikin miliyoyin ƙwayoyin akwai 'yan kaɗan da maganin bai kashewa, aka kashe sauran, su suka rage suka hayayyafa. Haka batun sauro da maganin feshi, haka batun wanda ya sha kafso kwana biyu ya ajiye.

Yanzu su gani da idonsu. Ki sayi gwangwanin madara ɗaya na farin wake da ɗaya na jan wake, masu girma kusan ɗaya. A shata fili taku biyu tsawo taku biyu faɗi a kan jar ƙasa. A watsa fari 50 da ja 50. Yara huɗu su zama tsuntsaye, kowa da kofi, suna tsinta ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, a tsayar da su idan jimillar abin da ke kofunan ta kai 50. Ba sai an tattara na ƙasa ba, a ƙirga na kofi a debe daga abin da aka watsa. A ce fari 15 da ja 35 suka rage: kowane wake ya "haifi" ɗaya irinsa, sai a ƙara fari 15 da ja 35, a koma 100, fari 30 ja 70. A maimaita sau uku ana rubuta lissafin a allo. Sannan a sake komai a kan farin buhu, su ga lissafin ya juye. Abin da ke ɓata wasan sananne ne. Idan kika faɗa masu manufar tun farko, sai su riƙa farautar jan da gangan. Idan aka bar su suna tsinta a natse suna dubawa, bambancin launi ba ya aiki, don haka ki riƙa gaggauta su. Idan wani waken ya fi girma, girma ake aunawa ba launi ba. Aji mai yara tamanin kuma sai an raba shi rukuni huɗu aƙalla.

Mako na gaba ƙasusuwa. Ki samo fiffiken kazar Hausa, don ƙashin ta gidan gona yana da taushi, bakinsa yakan cire wurin dafuwa. Ki ce wa mahauci ya ba ki ƙafar gaba ta akuya tun daga kafaɗa, domin wadda ake sayarwa ta farfesu daga gwiwa ce zuwa ƙasa. A dafa kamar awa ɗaya har nama ya saki, a kankare, a shanya inda kare da kyanwa ba su kaiwa, a manna a kwali bisa jeri. In dafuwar ta zarce, ƙananan ƙasusuwan sukan watse a rasa gurbinsu, don haka a dafa kowace gaɓa a tukunyarta. Kowane yaro ya shafa hannunsa: ƙashi ɗaya a dantse, biyu a sangalin hannu, ƙanana a wuyan hannu, sai tafi da yatsu. Za su samu jerin nan a fiffike. A akuya za su ce na biyun sangali babu, sai ki nuna masu siririn ƙashin da ya manne a bayan babban. Abin da muke kira gwiwar gaba ta akuya wuyan hannu ne, dogon ƙashin da ke ƙasansa kuma ƙasusuwan tafi biyu ne suka haɗe, tana tafiya a kan yatsu biyu. Wani yaro zai ce wannan ai alama ce ta Mahalicci ɗaya. Kada ki yi musu da shi. Ki ce masana bayoloji suna karanta shi a matsayin alamar tushe ɗaya, kuma mutane da yawa suna riƙe da duka biyun.

Zaɓin da mutum ke yi da hannunsa ma yana kusa da ku: irin masara da dawa da wake da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, kajin Shika Brown, da bambancin Bunaji da Rahaji da Bokolo a cikin shanu. Sai a mako na ƙarshe ki zo kan burbushin halittu da batun mutum, lokacin sun riga sun san yadda abin ke aiki.

Dole wani ya tambaye ki, "Malama, ke kin yarda?" Ki ce kina da addininki kina kuma riƙe da shi, amma wannan aji na koyon abin da bincike ya nuna ne. Abu biyu ne ba su da kyau: ki ce "ƙarya ce amma ku haddace", wanda ke koya wa yaro cewa ilimi wasan yaudara ne, ko ki jefi mai tambaya da kalmar jahili ko ɗan Boko Haram.

Tambaya: Ɗalibaina na Islamiyya suna kawo mani wannan batu. Wasu sun ce Alƙur'ani ya ƙaryata shi gaba ɗaya, wasu sun ce Musulmi ne ma suka fara gano shi. Ina gaskiyar take?
*Malamin Islamiyya, Badarawa*

Amsa: Allah ya gafarta Malam, duka ɓangarorin sun zarce. Game da Annabi Adamu nassi a bayyane yake: an halicce shi daga turɓaya a Ali Imrana aya ta 59, inda aka kwatanta shi da Annabi Isa, daga busasshen yumɓu a Hijri aya ta 26, ga busa rai da sujadar mala'iku a Suratu Sad, ga rai guda da aka halicci mutane daga gare shi a farkon Nisa'i. Bisa waɗannan ne jumhurun malamai suka tafi a kan cewa ba shi da uwa ba shi da uba. Wannan ita ce mahaɗar da ake karo, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ita ba.

Game da sauran halittu kuwa, Alƙur'ani ya ce an yi kowane abu mai rai daga ruwa, a Anbiya aya ta 30, an halicci kowace dabba daga ruwa, a Nur aya ta 45, amma bai faɗi ko kowane jinsi an yi shi ne kai tsaye ko ta hanyar sababi a hankali ba. Bai kuma ƙayyade shekarun duniya ba. Kwanaki shidan halitta ba dole su zama irin namu ba, tunda Hajji aya ta 47 ta ambaci yini kamar shekara dubu, Ma'arij aya ta 4 ta ambaci na shekara dubu hamsin. Shi ya sa tun 1888 Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya rubuta cewa sauyawar halittu, in hujja yankakkiya ta tabbatar da ita, ba ta rushe imani da Mahalicci. A yau za ka samu masu ƙin abin ɗungurungum, da masu karɓarsa a dabbobi da tsirrai su keɓe mutum, da masu keɓe Annabi Adamu shi kaɗai a matsayin mu'ujiza suna cewa nassi bai yi magana a kan ko akwai wasu halittu masu kama da mutum kafinsa ba, da 'yan kaɗan masu yi wa ayoyin tawili. Na biyu da na uku su suka fi ba ɗalibin kimiyya wurin tsayawa ba tare da ya taɓa nassi ba, domin mu'ujiza ba abar aunawa ba ce a ɗakin gwaji, kamar dai haihuwar Annabi Isa.

Masu cewa Musulmi ne suka fara, marubutan Musulmi na da, Jahiz da Ibn Khaldun, suke nufi. Gaskiya ne Jahiz ya yi bayanin yadda dabbobi ke cin juna da yadda wuri ke tasiri a kansu, Ibn Khaldun kuma ya jera halittu daraja-daraja daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum. Amma jerin daraja daban, gangarowar zuriya ta hanyar tankaɗen yanayi daban. Kada a ɗora masu abin da ba su faɗa ba.

Wani gyara da ya shafi ajinka: yara sukan ce birai ai mutane ne aka shafe. Ayoyin Baƙara da A'araf a kan wasu mutane ne da suka keta alfarmar Asabar, kuma hadisin Ibn Mas'ud a Sahihu Muslim ya bayyana cewa ba a sanya wa waɗanda aka shafe zuriya ba, birai da aladu suna nan tun kafin haka. A kuma yi hattara da raddin da ake kwasowa daga bidiyo. Idan ka gina imanin yaro a kan cewa ba a taɓa samun ƙashin kaza ba, ran da ya gan shi a jami'a ba bidiyon kaɗai zai zarga ba.

Tambaya: Salama. Mu Kirista ne. 'Yata ta ce littafin makaranta ya ce duniya ta yi shekaru biliyoyi, a coci kuma an koya mata kwana shida. Ta rikice, ni ma haka.
*Wata uwa, Sabon Tasha*

Amsa: Salama, Mama. Kiristoci kansu ba bakinsu ɗaya ba a nan. Da yawa, musamman a ikilisiyoyin bishara, suna ɗaukar kwanakin Farawa sura ta 1 a matsayin kwanaki na awa 24. Wasu suna ɗaukarsu dogayen zamuna, suna kafa hujja da Zabura 90:4 da 2 Bitrus 3:8. Cocin Katolika tun 1950, a wasiƙar Fafaroma Pius na 12, ta ba da damar bincike a kan asalin jikin mutum bisa sharaɗin cewa rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye, Fafaroma John Paul na biyu kuma ya ƙarfafa hakan a 1996. Tun kafin a haifi Darwin da fiye da shekara dubu, Augustine, bishop a Arewacin Afirka, bai ɗauki kwanakin nan a matsayin irin namu ba. Lissafin shekara dubu shida ma babu ayar da ta faɗe shi. Wani babban bishop na Ayalan, James Ussher, ya tara shekarun zuriyoyi a 1650 ya fitar da shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Shi kuwa Mendel, wanda 'yarki ke haddace dokokinsa na gadon halitta, limamin coci ne.

Ya kamata ta san yadda ake samun shekarun, don ba kintace ba ne. Wasu sinadarai suna narkewa a ƙayyadajjen sauri. Kabon-14 yana raguwa da rabi duk shekara 5,730, ana auna gawayi da ƙashi da shi, kuma yana cikin hanyoyin da aka bi aka san kayan tarihin Nok na kudancin jihar nan sun haura shekara 2,000. Bayan shekara 50,000 ya ƙare, ba ya aiki. Abin da ya fi haka tsufa ana auna dutsen da ke kewaye da shi ne da fotasiyam ko yuraniyam, da irin wannan awo aka samu cewa duniya ta yi shekara biliyan huɗu da rabi. Ki tafi da ita wurin fastonku da littafin a hannu, ya faɗa mata matsayin ikilisiyarku, ya kuma faɗa mata akwai masu bi na gaskiya da ke da wata fahimta.

Tambaya: Tunda hasashe ne kawai, ga birai nan har yau ba su zama mutane ba, me zai hana gwamnati ta cire shi kowa ya huta?
*Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci*

Amsa: Malam, batun birai mun amsa shi a wasiƙar farko. Kalmar "theory" da ake fassarawa da hasashe kuwa, a bakin masana tana nufin bayanin da aka gwada ya tsaya, irin bayanin cewa ƙwayoyin cuta ke kawo kwalara. Ba a ce babu kuskure a fagen ba. Ƙoƙon kan Piltdown da aka baje a Ingila a 1912 a matsayin na wani kakan mutum jabu ne, masana ne kuma suka tona asirinsa a 1953. Wanda aka tono a hamadar Chadi a 2001, mai shekara kusan miliyan bakwai, har yanzu ana jayayya ko da ƙafa biyu yake tafiya. Jayayyarsu a rassa take, ba a kan ko halittu sun sauya ba.

An gwada cirewa. Jihar Tenesi ta Amurka ta haramta koyar da shi a 1925, aka ci tarar wani malami, John Scopes, dala 100, aka soke dokar a 1967. Turkiyya ta cire shi daga manhajar aji tara a 2017. Yaron da bai gamu da shi a sakandare ba, to zai gamu da shi a jami'a, ko ran da ya tambayi dalilin da ya sa korona ta yi ta sauya nau'i, kuma a lokacin babu uba ko malami kusa. Mai son ya taɓa abin da hannunsa ba sai ya fita Arewa ba. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato don yin siminti cike take da ɓawon halittun teku da suka zama dutse, masu shekara fiye da miliyan 50, ga shi tsakanin wurin da teku akwai ɗaruruwan kilomita.